Matar da Ta Riƙe Min Sandar Awo a Kufan Toranke

Ni ba mai yawan rantsuwa ba ce, amma yau zan rantse muku. Wallahi tallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, da rana tsaka, idona biyu, ba zazzaɓi nake ba, ba kuma mafarki ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya wuce abinsa, ban roƙi kowa ba.

Shekarun baya ne, lokacin ina aikin awon gonaki tsakanin Gaya da Ajingi. Kada ku ji na ce aiki ku ɗauka wata 'yar boko ce tun tashi. Sai da na aurar da 'ya'yana, maigidana ya rasu, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ajingi, ina zaune da furfurata ana koya min riƙe fensir, mata suna dariya wai me zan yi da shi. Daga nan Allah ya sa wata ƙungiya da ke taimakon manoma, ba zan faɗi sunanta ba, ta ɗauke ni, don ina iya shiga gidaje in yi magana da mata masu gona, kuma ba na tsoron rana.

Yadda aikin yake, akwai wata doguwar sanda mai kai kamar murfin kwano, ita ke magana da tauraron ɗan Adam, sai kuma wata faffaɗar waya da muke ce wa allo. Mutum biyu ake yi. Ɗaya ya kafa sandar a kan iyaka ya riƙe ta tsaye cak har wani ɗan kumfa da ke jikinta ya zauna a tsakiya, ɗayan ya danna allo. Sai lambobin wurin su fito, ga ɗigo, bayan ɗigon kuma ga wasu lambobi sun yi doguwar wutsiya. Dalilin awon shi ne a haɗa ƙananan gonakin da ke maƙwabtaka, tarakta ta shiga ta yi musu haro gaba ɗaya, direba yana bin taswirar da ke nasa allon, inda layi ya ce bi ya bi, inda ya ce kauce ya kauce.

To a wajen Toranke, inda aka kai ni aure tun farko, akwai kufanmu. Da can gidan gandu ne babba, daga baya kowa ya tashi ya koma bakin hanya, wurin ya zama gonaki. Tsakanin gonar da 'ya'yana suka gada da ta ƙanen mijina, Malam Idi, akwai wani siririn tsiri da ba a nomawa, gamba ce kawai a kai, faɗinsa bai fi mutum ya kwanta a gicciye ba. Nan ne gindin dangar bayan gida a da. Kuma ku matan ƙauye kun san me ake sawa a gindin dangar bayan gida. Jaririn da bai zo da rai ba, ko wanda ya koma kafin suna, ba a kai shi maƙabarta a wancan zamanin, nan tsofaffi suke haƙa masa wuri a rufe shi, ba dutse ba alama. Nawa biyu suna wurin. Ɗan farina yana ciki.

Ni kowa ya san ni da baki, ko mai gari ne ya yi ba daidai ba sai na faɗa masa. Amma ɗan fari? Mu yadda aka raine mu, ko yana raye ba ki kama sunansa, ba ki nuna kin san da shi a gaban mutane, balle wanda ya koma. Tsofaffin da suka yi haƙan duk sun rasu, Idi kuwa lokacin yaro ne. Don haka ranar da aka zo awon wurin, ni da kaina na auna tsirin nan daban, na zagaye shi tsaf, na sa masa suna gamba, hankalina ya kwanta tunda layi ya raba shi da gonakin biyu.

Ana nan sai aka ce an sabunta manhajar da ke tuƙa allunan, wato uwar manhajar da duk sauran suke zaune a kanta. Aka karɓi namu aka sa mana sabuwa. Ni ban ga wani bambanci ba sai launi.

Ranar da abin ya faru, ruwan shuka ya sauka jiya da yamma, na tafi ofishinmu na Gaya da safe in mayar da sanda, don abokin aikina ya tafi shukarsa a Balan. Na tarar da Bilkisu, injiniyar da ke kula da taswirorin, 'yar nan Gaya ce da ta yi karatun kwamfuta a Kano, yarinya mai hankali, Gwaggo take ce min. Tana ta murna wai yau tarakta ta fita, za a fara da ɓangaren Toranke. Na ce to nuna min namu in gani. Ta buɗe.

Jama'a, gonata ga ta, gonar Idi ga ta, layi ɗaya tal a tsakani. Babu tsiri.

Na ce, Bilki ina gambar nan? Ta duba, ta matso da hoton, ta ce, au, tana cikin ƙananan abubuwan da suka haɗe. Na ce haɗe da uban wa? Ta ga yadda fuskata ta yi, sai ta jawo min kujera, na ƙi zama. Ta ce, Gwaggo, kin san wutsiyar nan ta bayan ɗigo? Tsohuwar manhaja kowace lamba a babban kwano take zuba ta, wutsiyar ta shige duka. Sabuwar kuma, saboda a samu ta yi aiki a ƙananan allunan da ke jikin tarakta ba tare da shan batir ba, sai aka canza mata mazubi, ya zama kamar gwangwanin madara, ƙarshen wutsiyar ba ya shiga, zubewa yake. To da aka ga lambobin sun gajarce suna ɗan karkacewa, gonakin da suke manne sai su nuna tsaga a tsakani alhali babu, sai masu manhajar suka ce duk layi biyun da suka kusanci juna sosai a mayar da su ɗaya.

Na ce, ba ku gwada ba kafin ku saki?

Ta ce wallahi sun gwada. Sun ɗauki tsohuwa da sabuwa sun auna manyan gonaki a bayan Gaya, bambancin bai kai tafin hannu ba, kowa ya ce ta yi. Ta ce abin da ba su gwada ba shi ne siraran wurare. Da suka ga wasu sun ɓace, suri ne, layin gamba ne, sai suka tambayi shugabannin manoma, Malam Idi da kansa ya ce a share, ai ƙarin ƙasa ce.

Na ce to mayar da shi yanzu. Ta ce ba ya mayuwa daga nan, don da aka juye tsohon awon cikin sabuwar manhaja an riga an datse wutsiyoyin, abin da ya zube ya zube. Na asalin yana ajiye a Kano, sai an rubuta an nema, ba abin yau ba ne. Sannan ta dube ni ta ce, Gwaggo, me ke cikin gambar nan?

Na buɗe baki, wallahi maganar ta ƙi fita. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami. Sai hannuna kawai na ga ya kai kan cikina. Yarinyar nan ta gane, Allah ya yi mata albarka, ba ta ƙara tambaya ba, sai ta ce innalillahi, ta jawo waya ta kira direban. Ba ta shiga. Ta sake, ba ta shiga. Ni kuma na kira Idi.

Idi da ni wasa ne tsakaninmu tun yana yaro, ƙanen miji ne, ba ya ɗaukar maganata da nauyi. Na ce masa, Idi kada a taɓa gambar nan. Ya kwashe da dariya ya ce, matar Yaya, boko ta sa kin fara kishin ciyawa? In zana kike so ni zan saya miki. Na ce ba wasa nake ba. Ya ce to faɗi dalili. Na yi shiru. Ya ce kin gani ko, ba ki da shi, tarakta in ta wuce mu yau sai ta gama zagaye ƙauyuka, ni ba zan rasa ruwan nan a kan gamba ba. Ya kashe.

Bilkisu ta ce saura dabara ɗaya. Sabuwar manhajar ba ta riƙe siririn fili, amma tana riƙe alamar haɗari, irin wadda ake sa wa tsohuwar rijiya ko dutse, tarakta ta ba shi tazara ta zagaye. In na je na kafa sanda a kan kowane wuri na danna, na turo mata, za ta cusa wa allon direba daga ofis, da ya samu sabis zai gani. Ita dole ta zauna a gaban kwamfuta. Ta ce amma Gwaggo sai da mai riƙe miki sanda. Na ce zan samu.

Na ɗauki sanda da allo na fita ko sallama ban yi ba. Motar Ajingi ba ta cika ba, na tsaya a kan direba ina masifa har ya tashi, daga Ajingi na hau babur. Duk hanya abu ɗaya nake gani a idona, faifan garmar nan suna juya ƙasa, su ba su san danga ba, ba su san kowa ba. Jariri ba a haƙa masa da zurfi. Ina ta cewa ya Allah kada ka nuna min, ya Allah kada ka nuna min, har mai babur ya waiwayo ya ce Hajiya lafiya, na ce tuƙa ka bar ni. A bakin burtali ya sauke ni saboda taɓo, na roƙe shi ya zo ya riƙe min sanda, ya ce yana da fasinja a gaba.

Na isa kufan rana ta take. Ba kowa. Gonakin da ke jiran tarakta ba wanda ya zo, mutane duk suna ɗaya ɓangaren suna shuka. Can nesa ina jin gurnanin injin, yana tafiya yana dawowa. Na yi kira, na yi kira, ko akuya ba ta amsa ba.

Na ce to ni kaɗai zan yi. Na kafa sanda da hannun hagu, allo a dama, kumfan nan ya ƙi zama, da na kai yatsa sai ya goce, allon ya ce sanda ba ta tsaya ba. Na tokare ta da kafaɗa, na riƙe da haƙori ma na gwada. Sannan wani abin da ya fi wannan ya faɗo min. Ina zan kafa? Shekaru sun ja, danga babu, bishiyar da nake kwatance da ita an sare. Na san suna cikin tsirin, amma ta ina? Ni ina ɗaki a kwance aka fita da su, ba a barin uwa ta gani. Kuma ba nawa kaɗai ba ne, gidan gandu ne, mata nawa suka haihu a gidan nan. Na zauna daɓas a cikin gamba na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ɗan farina, don ranar an ce in yi shiru kada a ce ba ni da kunya.

Sai na ji an ce, sannu 'yar'uwa, kawo in riƙe miki.

Na ɗago. Mace ce a tsaye a gefena, ban ji tahowarta ba, amma na ce kuka ne ya toshe min kunne. Ba tsohuwa ba ce ba kuma yarinya ba, da baƙin zane irin saƙin da, ba takalmi. Ta ɗaure majanyi a ƙirji tam kamar mai goyo, tana ɗan jijjiga jiki yadda ake yi in ana lallashi, amma da ta juya, bayanta ba komai, zane ne kawai a shafe. Kuma ƙanshin mai jego take yi, ruwan zafin ganye da hayaƙi da kunun kanwa, duk macen da ta haihu ta san shi. A lokacin ban tsaya tunani ba, wallahi ko wace ce ta zo zan miƙa mata. Na ce 'yar'uwa Allah ya biya ki, kin ga ɗan kumfan nan, so ake ya zauna a tsakiya.

Ba ta ko dubi kumfan ba. Ta karɓi sanda ta taka zuwa bakin tsirin ta kafa. Na leƙa, kumfan yana tsakiya kamar an zana shi. Na yi aiki da maza ƙarti, ban taɓa ganin hannun da ba ya motsi ko kaɗan ba sai nata. Na danna, allo ya karɓa nan take.

Ta cire ta matsa gaba kaɗan ta ce, nan ma. Na danna. Nan ma. Na danna. Ban faɗa mata abin da nake nema ba, ku lura, ban ce mata komai ba. Wani wurin kusa da kusa, wani sai ta yi 'yar tafiya. Ina bin ta ina dannawa, sai ta ce min a hankali, ɗaga ƙafarki, kina kan hannunsa. Na yi tsalle gefe, na fara karanta duk abin da ya zo bakina, ita kuwa ko a jikinta, har tana taya ni da amin.

Da muka kusa ƙarshe ta kafa sandar ta dube ni, karon farko da ta dube ni sosai, ta ce, ga na farinki. Ƙanwarsa tana gefensa, kusa aka sa su. Na durƙusa na dafa ƙasar, jiƙaƙƙiya ce da ɗumi, ta ce, danna tukuna, kya yi kukan daga baya, ƙarfen yana tahowa. Na danna da hawaye a kan allon.

Na ɗauka mun gama, sai ta fita daga cikin gamba ta shiga gonar Idi kaɗan, wurin da ake nomawa duk shekara, ta kafa a nan. Na ce 'yar'uwa nan ai gona ce. Ta ce, danna dai. Amma a hankali, bai daɗe da yin barci ba.

Na danna. A daidai nan gurnanin tarakta ya taso kusa, na waiwaya na hango ta ta shigo ta kan gonata, Idi yana biye a kan babur. Na juyo in ce mata ga su nan. Sanda tana tsaye ita kaɗai. Bakinta ko shiga ƙasa bai yi ba sosai, ba abin da ya tokare ta, tana tsaye cak, sai da na gama ganinta da idona sannan ta kwanta a hankali kamar an ajiye ta. Fili ne fetal ta ko'ina, an share gonaki, ba dawa ba gero balle a ce ta shige. Babu mace.

Ban samu lokacin tsoro ba. Na danna turawa, allo ya ce babu sabis. Na ruga kan wani suri na ɗaga shi sama kamar mai roƙon ruwa, ya kama, ya tafi. Amma tarakta ba ta jira Bilkisu ba, ta gama layin farko ta juyo, ta saita kanta a kan gamba. Na diro daga surin, zanena ya harɗe ni na faɗi, na tashi, na je na tsaya a gabanta na ware hannuwa.

Direban ya taka birki yana zagi, wai baiwar Allah so kike ki ja min. Idi ya sauko yana dariyar da ta fara zama fushi, ya ce, matar Yaya yau kuma aljanun boko ne suka hau? Matsa mana, mutane na jira. Na ce ba zan matsa ba. Ya ce wallahi ko ki faɗi dalili ko in sa a ɗauke ki. Maza biyu da ke biye da taraktar suka matso suna kallo.

Na duba allon direba daga inda nake, ba abin da ya canza. Na duba faifan garmar, ƙasa na zuba daga jikinsu. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, Idi, ɗana yana nan. Ɗan farina, ɗan yayanka. Sunansa Haruna, ubansa ya raɗa masa a kunne, bai kai suna ba. Ƙanwarsa tana gefensa. In za ka nome su ka fara da ni.

Tunda na haife shi ban taɓa furta sunan nan ba sai ranar, a gaban maza, da ƙarfi, har muryata ta dushe.

Direban ya kashe inji. Idi ya zauna a ƙasa cikin taɓo da farar rigarsa, yana ta innalillahi, ya ce, Yaya, don Allah me ya hana ki faɗa min? Bai taɓa ce min Yaya ba sai ranar. Na ce da wane bakin? Muna haka allon direba ya yi ƙara, ya duba ya ce, kai, jajayen ɗigo sun cika min layi. Ya sauko ya nuna wa Idi. Ya koma ya ja tarakta da baya, ya ba wurin tazara mai faɗi, har da wancan na cikin gonar Idi.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Abin da ban zata ba, sai ga tsofaffin mata suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, matan gidan gandun nan da suka rage, wasu da sanda, ba mai kallon wata. Kowacce ta zo sai ta tsaya daga gefe ta ce a hankali, nawa ma yana nan. Na bi da su ramukan da bakin sanda ya bari, kowacce ta kwatanta inda ɗakinta yake a da, sai mu ga rami a daidai bayansa. Waɗanda iyayensu suka rasu, wata ta tuna ta ce wannan na wance ne. Duka aka samu masu su, ban da ɗaya, na cikin gonar Idi. Ba wadda ta san shi, kuma duk sun ce danga ba ta taɓa kaiwa can ba. Na kwatanta musu matar, ba wadda ta san ta. Wata ta ce ko Bafulatana ce mai wucewa, na ce Hausarta irin tamu ce, har da yadda kakata take jan magana.

Bayan kwana biyu na koma Gaya. Bilkisu ta rufe ƙofar ofis ta ce, Gwaggo, da wane allo kika yi awon nan? Na ce da wanda kika ba ni mana. Ta juyo min kwamfuta ta ce duba. Lambobin da na turo, kowacce da doguwar wutsiyarta cif, irin ta tsohuwar manhaja. Ta ce allon nan ba shi da mazubin da zai ɗauki wannan, ba wai an hana shi ba ne, babu wurin ne sam. Ta ɗauke shi ta fita tsakar ofis ta auna da hannunta, gajeru suka fito. Ta aika wa masu manhajar a Kano, suka ce wataƙila wani ɓangare na tsohuwar ya maƙale a ciki, suka karɓi allon suka bincika, ba su samu ba. Abin da ya fito daga ciki dai, sun dakatar da haɗe layuka, suka dawo da awon asali, aka sake gwaji a kan burtali da hanyar rijiya da duk wani siririn abu, kuma Bilkisu ta kafe sai an tambayi mata daban, ba a gaban maza ba.

Sannan ta ce akwai wani abu, ban sani ba ko in nuna miki. Na ce nuna. Ta kai yatsa kan na ƙarshen, wanda ba mai shi. Ta ce sauran duk a tsaye suke, lambar da aka adana ba ta canzawa, ai ba sanda a wurin yanzu. Amma wannan, kalli ƙarshen wutsiyarsa. Na sa tabarau na matsa. Lambar ƙarshe ta hau kaɗan, ta sauka, ta hau, ta sauka, a hankali, ba gaggawa. Ta ce ta buɗe shi a tsohuwar manhaja, ta buɗe a sabuwa, ta kai wata kwamfutar, haka yake yi. Muka tsaya muna kallo. Ni na goyi yara, na san wannan hawa da saukar, haka bayan jariri yake yi in ka ɗora masa hannu yana barci. Ban faɗa mata ba. Ita ma ina jin ta sani, don hannu ta sa ta rufe kwamfutar a hankali, ba ta bari murfin ya yi ƙara ba.

Na je wurin wani malami na faɗa masa, ya ce in yi sadaka in bar bincike, Allah ne ya san abin da ke cikin ƙasarsa. Na yi. Idi ya dasa bini-da-zugu ya kewaye tsirin har da wancan wurin, yanzu ba mai shiga. Ni dai har na bar aikin ban ƙara yarda na je awo ni kaɗai ba, kuma ko yau in na shiga gidan mai jego ƙanshin nan ya buge ni, sai na waiwaya.

Shawarata gare ku, musamman ku yara masu taɓa cikin injinan nan, in za ku canza abin da mutane suka dogara da shi, kada ku gwada a kan manya kaɗai ku ce ya yi. Ku nemi ɗan ƙaramin abin da ya zube ku tambayi na wane ne, kuma in kun tambaya aka yi shiru, kada ku ɗauka babu. Ku kuma masu gona, in kun gaji wuri kun tarar da inda na gaba suka bari ba sa nomawa, ku bar shi. In za ku wuce ta gefensa, ku yi sallama, ku rage murya.